Mun Yarda Mutum Ya Tashi Sama, To Me Ya Sa Tankar Aljihu Ta Dame Mu?

A fim ɗin Ant-Man na shekarar 2015 akwai wani dattijon masanin kimiyya, Hank Pym, wanda ya gano hanyar ƙanƙantar da mutum har ya koma girman tururuwa. Fim ɗin bai bar mu cikin duhu ba game da yadda abin yake aiki. An bayyana mana cewa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra ake matsewa, don haka mutum ya ƙanƙance amma ƙarfinsa yana nan, shi ya sa naushin ɗan mitsitsin jarumin yake kayar da ƙaton mai gadi. Muka gyaɗa kai muka karɓa. Can sai ga jarumin nan ya haye bayan tururuwa mai fiffike tana shawagi da shi a sama. Sai ga shi kansa Pym ya zaro tankar yaƙi da ya ƙanƙantar ya rataya a jikin makullansa, yana yawo da ita a aljihu. Idan ƙwayoyin zarra ba su ragu ba, nauyi ma bai ragu ba. Ke nan tururuwar tana ɗauke da cikakken namiji, dattijon kuwa yana ɗauke da tan gomomi na ƙarfe a aljihun wandonsa.

Duk wanda ya taɓa kawo irin wannan ƙorafi a gaban masu son waɗannan fina-finai ya san amsar da ake jefa masa: fim ne da mutum yake komawa tururuwa, kai kuma nauyin tanka ne ya dame ka? Amsar tana da daɗin ji, amma a ganina kuskure ce. Haka kuma wanda yake zama da takarda da biro yana lissafa duk abin da ya saɓa wa kimiyya, shi ma ya kauce hanya. Ƙorafe-ƙorafen da ake tattarawa a ƙarƙashin sunan giɓin labari kala-kala ne, wasu ba su da tushe, wasu kuwa suna taɓa ainihin abin da ya sa muke sauraron labari tun asali. Ina so in rarrabe su ɗaya bayan ɗaya.

Yarjejeniyar da ke tsakanin mai labari da mai sauraro

Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya san wannan yarjejeniya tun kafin ya san sunanta. Da zarar an ce ga ta nan ga ta nanku, babu yaron da zai tambayi yadda Gizo yake magana da sarki ko yadda kura take zuwa kasuwa. Amma bari mai tatsuniyar ta ce an kashe kura a tsakiyar labari, sannan kurar ta sake ɓullowa a ƙarshe babu bayani, nan take yara za su yi mata ca. Sun yafe abin da ba ya yiwuwa, sun ƙi yafe saɓa magana.

Masana adabi sun daɗe da lura da wannan. Aristotle, a littafinsa kan waƙa da wasan kwaikwayo, ya fifita abin da ba ya yiwuwa amma hankali ya kwanta da shi a cikin labari, a kan abin da yake yiwuwa amma bai gamsar ba. A shekarar 1817 mawaƙin Ingila Samuel Taylor Coleridge ya yi bayanin yadda mai karatu yake jingine shakkarsa da son ransa na ɗan lokaci. J. R. R. Tolkien, a wata lacca da ya gabatar a 1939, ya mayar da nauyin kan marubuci: aikinsa shi ne ya gina duniya mai dokokinta, kuma muddin yana bin dokokin nan, mai karatu ba ya ma bukatar lallashin kansa. Daga ɓangaren kimiyya kuma, James Kakalios, malamin fiziks a Jami'ar Minnesota, ya wallafa littafi a 2005 kan kimiyyar waɗannan jarumai, inda yake ba kowane jarumi rangwamen abin al'ajabi guda ɗaya, sannan ya duba ko sauran abubuwan da suka biyo baya sun tafi daidai.

Da wannan ma'auni, tashin Superman sama ba giɓi ba ne. Shi ne kuɗin shiga, kuma mun biya tun daga ƙofa. Tabaran da Clark Kent yake sawa ya ɓace wa abokan aikinsa shi ma yana cikin yarjejeniyar, domin tun da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da jarumin a 1938 yake rayuwa da fuska biyu. Matsalar tankar Pym daban ce. Babu wanda ya tilasta wa marubutan su yi mana bayanin ƙwayoyin zarra. Su suka kafa dokar da bakinsu, suka ci amfaninta lokacin da suke son naushi ya yi ƙarfi, suka yi watsi da ita lokacin da suke son mu yi dariya. Alƙawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka shi ake tambaya.

Wauta ba giɓi ba ce

Kashi na biyu na ƙorafin shi ne wanda ya fi yawa kuma ya fi rauni. A Avengers: Infinity War na 2018, jarumai sun kusa zare safar hannun Thanos mai ɗauke da duwatsun iko, sai Peter Quill ya ji cewa Thanos ya kashe masoyiyarsa Gamora, ya rufe shi da duka, shirin ya wargaje. Masu kallo da yawa sun kira wannan giɓi. Amma a Guardians of the Galaxy Vol. 2 na 2017 mun ga mutumin nan ya buɗe wa mahaifinsa wuta nan take da ya ji shi ne ya jawo mutuwar mahaifiyarsa. Halinsa ke nan, kuma labarin ya riga ya sanar da mu. Mutum ya yi wauta a lokacin baƙin ciki abu ne da kowa ya taɓa gani a gidan makoki. Labarin da kowa a cikinsa yake yin abin da ya fi dacewa a kowane lokaci, shi ne ma ya fi nisa da rayuwa.

Salon lissafa kurakurai, wanda tashar CinemaSins ta YouTube ta yaɗa tun daga 2012, ya koya wa masu kallo da yawa haɗa komai a kwando ɗaya: abin da aka tsallake don gajarta lokaci, da shawarar da jarumi ya yanke cikin fushi, da ainihin karya doka, duk maki ɗaya. Wanda ya saba kallo da wannan ido yana ganin ya waye, alhali ya daina bin labarin, ya koma mai binciken kaya a bakin iyaka.

Wanda ya yi da'awar gaskiya shi ake tsananta wa

Akwai wani abin lura kuma: ba kowane fim ake aunawa da mudu ɗaya ba, kuma hakan adalci ne. A fim ɗin Batman na 1966, kifin shak ya kama ƙafar jarumin yana rataye a tsanin jirgi mai saukar ungulu, aka miƙo masa feshin korar shak. Babu mai hankalin da zai tsaya muhawara a kan wannan, domin fim ɗin ya nuna tun farko cewa wasa yake yi. Christopher Nolan kuwa, tun daga Batman Begins na 2005, ya ɗauki wata hanya. Ya bayyana mana inda sulken jarumin ya fito, da yadda aka ƙera motarsa, da yadda ake sayen kayan aikinsa a ɓoye. Yana cewa da mu, wannan duniyarku ce, ku yi mata hukunci da hankalinku.

Saboda haka da The Dark Knight Rises ya fito a 2012, masu kallo suka yi masa hukuncin da ya nema. An karya wa Bruce Wayne baya, an jefa shi a wani kurkukun rami a wata ƙasa mai nisa, wani fursuna ya gyara masa ƙashin baya da naushi da igiya. Ya fito ba shi da ko sisi, sai ga shi a tsakiyar birnin Gotham da aka karya gadojinsa aka killace, babu wanda ya gaya mana ta ina ya bi. Kusan dukan 'yan sandan birnin an tura su ƙarƙashin ƙasa a rana ɗaya, aka rufe su watanni, suka fito da ƙarfin fafatawa. A fim ɗin 1966 babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tayar da gira. A wurin Nolan sun zama tabo, domin shi ya ɗaga sandar awon da hannunsa.

Haka abin yake a Avengers: Endgame na 2019, fim ɗin da ya tara kusan dala biliyan 2.8. An ɓata lokaci ana bayyana mana cewa komawa baya ba ya sauya yanzu, sai dai ya tsiro da wani reshe na zamani. Sannan a ƙarshe Steve Rogers ya koma baya, ya yi aure, ya tsufa, sai ga shi zaune a kan benci a zamaninmu. Da aka tambayi waɗanda suka yi fim ɗin, daraktocin, Anthony da Joe Russo, suka ce a wani reshe ya rayu sannan ya dawo. Marubutan, Christopher Markus da Stephen McFeely, suka ce a zamaninmu yake tun asali. Idan masu ɗaki ba su daidaita kan inda yake yoyo ba, bai kamata a zargi baƙo don ya ce ya jiƙe ba.

Inda kimiyya ta zama labari

Masu cewa gaskiya tana kashe daɗin almara ya kamata su duba labarin Gwen Stacy. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 90 yana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 150 a sa'a. Abin da ke kashe shi tsayawar farat ɗaya ce, kuma jiki bai damu ba ko daɓen siminti ne ya tsayar da shi ko hannun jarumi. A Superman na 1978, Lois Lane ta faɗo daga saman bene, jarumin ya taso daga ƙasa ya cafke ta a iska, ta tsira ba ko ƙwarzane. Mun yafe, domin yanayin fim ɗin na mafarki ne. Amma shekara biyar kafin nan, a 1973, mujallar labarin zane ta The Amazing Spider-Man, fitowa ta 121, ta ɗauki wannan dokar da muhimmanci. An jefo Gwen daga saman gada, Spider-Man ya harba zarensa ya kama ta, fizgar ta karya mata wuya. Ƙoƙarin ceton ne ya zama ajalinta. Fim ɗin The Amazing Spider-Man 2 na 2014 ya maimaita mutuwar da ɗan sauyi. Har yau ana tuna wannan labari, domin dokar duniyar gaske ta shigo ta nuna cewa ƙarfi yana da iyaka, kuma jarumi na iya yin iyakar ƙoƙarinsa ya rasa.

Giɓin da ya fi kowanne girma

Duk abin da na ambata zuwa nan lamarin sana'a ne. Akwai wani giɓi da ya wuce sana'a, shi ne labari ya manta da mutanen da abin ya faɗa wa. Man of Steel na 2013 ya ƙare da faɗan da ya rusa manyan benayen birnin Metropolis, jim kaɗan kuma aka koma raha kamar babu gawa a ƙarƙashin ɓaraguzai. Sukar da aka yi ta yi ƙarfi, kuma Batman v Superman na 2016 ya buɗe da wannan faɗa daga idon waɗanda suke ƙasa suna gudu. A shekarar kuma Captain America: Civil War ya gina dukan rikicinsa kan tambayar wa zai hukunta jarumi idan ya yi ɓarna, har ƙasashe 117 suka amince da yarjejeniyar sa musu linzami. Abin da ya tayar da maganar kuwa fashewa ce a Legas. Sai dai mai kallo daga Nijeriya zai lura cewa mamatan da labarin ya tsaya a kansu 'yan Wakanda ne, ƙasar da babu ita a taswira, mutanen Legas kuwa sun zama ƙura a bayan hoto.

Dubi kuma lissafin Thanos. Ya ce albarkatu sun yi kaɗan, baki ya yi yawa, don haka ya ƙyasta yatsu ya shafe rabin masu rai. Tunanin tsoho ne, Thomas Malthus ya rubuta makamancinsa a 1798. Amma al'ummar duniya ta kai biliyan 4 a wajen 1974, ta kai biliyan 8 a Nuwamban 2022. Ke nan kisan da ya fi kowanne girma a tarihin almara bai sayi ko shekara hamsin ba. Fim na biyu ma ya nuna tsuntsaye sun dawo bayan an warware abin, alamar dabbobi ma ya shafa, wato mutumin ya rage abincin tare da masu ci. Kuskuren mugu ba giɓi ba ne, azzalumai sun saba gina ta'asa a kan gurguwar hujja. Abin da nake zargin fim ɗin da shi shi ne jarumansa sun ƙi shirin don muninsa, amma babu wanda ya tsaya ya rusa hujjar, har wasu masu kallo suka fito suna cewa mutumin yana da gaskiya, hanyarsa ce kawai ba ta da kyau. Labarin da miliyoyin matasa suka kalla ya bar su da tunanin cewa yawan mutane shi ne cutar duniya. Wannan ya fi nauyin tankar aljihu nesa ba kusa ba.

Dawowar waɗanda suka ɓace ma haka. Bayan shekara biyar rabin duniya ya dawo a daƙiƙa ɗaya. Wa ya noma abincinsu? Ina matar da ta yi takaba ta sake aure ta haihu? Wa ke da gidan da aka raba gado? Endgame ya tsallake duk wannan da kiɗan nasara. Spider-Man: Far From Home ya mayar da shi abin dariya. Sai a 2021 shirye-shiryen WandaVision da The Falcon and the Winter Soldier suka fara biyan bashin, ɗaya da matar da ta dawo a asibiti ta tarar mahaifiyarta ta rasu tun shekarun baya, ɗaya da miliyoyin da dawowar ta raba da matsugunansu. A nan ne labarin ya fi taɓa zuciya, kuma tambayoyin masu ƙorafi ne suka nuna inda yake.

Abin da Black Panther ya yi daidai, da inda ya yi tuntuɓe

Misali mafi kyau na yadda ake mu'amala da giɓi shi ne Black Panther na Ryan Coogler, 2018. Duk mai tunani da ya ji labarin ƙasar Afirka da ta fi kowace ƙasa fasaha zai tambaya: ina take lokacin cinikin bayi, ina take lokacin mulkin mallaka? Fim ɗin bai ɓoye tambayar ba. Ya sa ta a bakin Killmonger, ya mayar da ita zuciyar labarin, har sarki T'Challa ya tsaya a gaban kakanninsa ya ce sun yi kuskure. Kwatanta wannan da Eternals na 2021, inda aka tambayi jarumai da suka shekara dubbai a duniya me ya hana su yaƙar Thanos, suka ce umarni aka ba su kada su sa baki. Fim ɗin ya ɗan taɓa nauyin wannan biyayya, amma amsar ta fi kama da faci a kan yagaggiyar riga.

Duk da haka Black Panther yana da nasa tuntuɓen, kuma mu muka fi kowa ganinsa. Kusa da farkonsa an rubuta a allo cewa muna dajin Sambisa a Nijeriya, inda jarumin ya dira a kan ayarin 'yan bindiga ya kuɓutar da matan da aka sace cikin 'yan mintoci. Dajin da aka nuna surƙuƙi ne mai dogayen itatuwa irin na yankin ruwan sama mai yawa, alhali Sambisa ta Jihar Borno ƙasar ƙayoyi ce da gajerun itatuwa. Mai kallo a Amurka ba zai ga komai ba. Wanda ya san Borno zai gani nan take, zai kuma tuna cewa 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 ba a gama dawo da su ba lokacin da fim ɗin ya fito. Akwai abin yabo a wurin, domin Nakia ta hana a kashe wani yaro ɗan bindiga da shi ma sato shi aka yi, kuma wannan gaskiya ce da mutanen yankin suka sani. Amma raunin da yake ɗanye a gidaje da yawa ya zama shimfiɗar gabatar da jarumi, aka wuce. Abin da ake kira kama da gaskiya ya danganta da wanda yake kallo da abin da ya sani.

To yaya za mu kalla?

Za a ce duk wannan nishaɗi ne, a bar mutane su huta. Na yarda nishaɗi ne, ni ma don shi nake kallo, kuma na yi dariya da tankar Pym ta fasa bango. Sai dai nishaɗin da ya mamaye gidajen sinima na duniya sama da shekara goma yana koyar da wani abu ko bai yi niyya ba. Idan kullum birni yana rushewa babu jana'iza, matattu suna dawowa duk lokacin da kamfani ya bukace su, mai ƙarfi yana yanke hukunci babu mai tambayarsa, to mai kallo yana sabawa da duniyar da aiki ba shi da sakamako. Daga ƙarshe fina-finan kansu ne suke asara, domin wanda ya san mutuwa ba ta da tabbas a labari ba zai ƙara jin tsoro domin jarumi ba.

Shawarata ga mai karatu ita ce, idan wani abu ya tsaya maka a rai bayan ka gama kallo, ka yi masa tambaya uku kafin ka kira shi giɓi. Shin yana cikin abin da na amince da shi tun daga ƙofa? Idan haka ne, a wuce. Shin mutum ne ya yi abin da halinsa ya saba? Idan haka ne, labarin ya yi aikinsa. Shin labarin ya karya dokar da ya kafa, ko ya manta da mutanen da abin ya shafa? Idan haka ne, ƙorafinka yana da tushe, kuma kada wani ya rufe maka baki da cewa ai fim ne da mutum yake tashi sama. Tashin saman ka yafe shi tun tuni. Abin da kake nema shi ne mai labari ya riƙe maganarsa, ya kuma tuna da waɗanda suke ƙasa lokacin da benen yake faɗowa.